Hayar Gajimare

Wata ya ƙare, takardar kuɗi ta zo da dala.
Sau uku na karanta ta a shagonmu na Mabera,
fanka ta tsaya, janareta na tari,
na ce wa Sifiyanu: wannan ba sana'a ba ce, jinya.

Manhajarmu 'yar ƙarama ce, ta farashin albasa:
wa ke da buhu a Wurno, wa ke da mota a Kara.
Mun ɗaure ta a kwantena, da gishirinta da tukunyarta,
duk murhun da aka ɗora ta, dahuwarta ɗaya.

Saura wurin saukewa. Can a gajimare
masu ba da haya sun kasu, kowa da tasa hanya.

Sifiyanu babba yake so, Kubanetis,
sunan kaɗai kan sa shi gyara zama.
"Kwantena ɗari," in ji shi, "in ɗaya ta faɗi
wata ta miƙe kafin ki ƙifta ido."
Na ce: mu da tamu uku ce?
Ya ce: "Gobe fa?" Na ce: bari mu biya bashin jiya.

Da la'asar na sami Kawu Jelani a rumfarsa,
dillalin motoci, shekara talatin yana lodi.
Na zayyana masa komai, yana ɓare gyaɗa.
Ya ce, "Kulu, bar kiran gajimare,
wanga zance duk na ɗaukar kaya.

"Akwai mai buɗe gareji nasa na kansa.
Shi ka zaɓen taya, shi ka raba hanya,
amma sai da makanike, da kamasho, da mai gadi,
ko ba lodi, cikinsu ba ya hutu.
In siminti kika ja daga Kalambaina safe da yamma,
buɗe gareji. In buhu goma gare ki,
kin sayi raƙumi don ɗaukar tsintsiya.

"Akwai shatar mota da direbanta.
Ke dai faɗi nauyi, su san injin.
Ba a bari ki buɗe bonet, kar ki tambaya.
Tana tsaye ƙofarki, kuɗinki na tafiya,
sai dai kin yi barci lafiya.

"Sannan ga mai keke, ɗan bakin titi.
In an kira shi ya zo, in ba a kira ba ya kwanta,
sisinki ba ya ci yana minshari.
Aibinsa biyu: fasinjan farko sai ya jira
ya farka, ya laluba takalmi;
kuma kar ki bar jaka cikin kekensa ki ce ajiya."

Na yi shiru. Albasa ba kullum take ba.
Wata uku wayoyi na kuka tun asuba,
sauran shekara manhajar tana hamma.
Ashe gareji muke ciyarwa, mu da keke ya isa, abin kunya.

Muka kwashe a daren Laraba.
Lissafin 'yan kasuwa muka kama masa ɗaki daban, mai kwaɗo.
Da kaka ta zo, kekuna suka ninku da kansu,
da ta wuce suka watse, ba sallama.
Hajiya Tumba ta Gwadabawa ta kira sau ɗaya:
"Da asuba abinku nauyi gare shi."
Na biya keke guda ya kwana ido biyu. Ta daina waya.

Sifiyanu bai haƙura ba. Garejinsa na cikin kwamfutarsa,
yana kiwonsa da dare kamar tantabaru.
Wata rana ƙila mu kai can. Ban yi masa dariya.

Da na kai wa Kawu tukuicin goro
ya ce, "Su masu gajimaren, ina tasharsu?"
Na ce: bayan teku, Kawu, ban taɓa ganinsu ba.
Ya daɗe yana tauna. Ya ce, "To ɗinke buhunki
yadda kowace mota za ta iya ɗauka.
Mai mota yakan sake farashi tsakiyar hanya."